Bututun da Ustad Dilawar Ya Ƙi Ɗaurawa

"Ba zan ɗaura ba."

Ustad Dilawar, babban makanikin garejin, bai ko ɗaga murya ba. Yana tsugune gaban kwalin da aka buɗe, riƙe da bututu ɗaya mai sheƙi kamar sabuwar butar shayi. Ni kuma ina tsaye a bakin garejin da kwanon abincin yayana, Lala Sheraz, direban mota ta bakwai cikin manyan motoci goma sha ɗaya na Haji Nawazish. Na miƙa kwanon zan juya ke nan na ji maganar, sai na fasa tafiya.

"Me ka ce?" in ji Haji.

"Na ce ba zan ɗaura ba, Haji Sahib. Ka ji sarai. Ni ne guduma ta kashe wa kunne, ba kai ba."

Bututun da ake magana a kai guda biyu ne a kowace mota. Su ke kwaso hayaƙi mai zafi daga injin su haura da shi sama, kuma ta bayan kujerar direba suke bi, tsakaninsu da bayansa bai wuce kamu ɗaya ba. Haji ya sayo sababbi daga Rawalpindi, yana so a sa wa duk motocinsa kafin a fara jigilar fulawa zuwa Gilgit a cikin hunturu.

Ustad ya ƙwanƙwasa bututun da sifana. "Ka ji kukansa? Gwangwanin madara ne aka yi wa kwalliya. Dubi nan, ba shi da wuya mai gaɓa-gaɓa. Ƙarfe in ya sha zafi miƙewa yake yi, in ya huce ya tsuke. Wannan ba a bar masa wurin motsi ba. Kafin a kai Chilas ya tsage."

"In ya tsage sai a liƙe. Ba aikinka ke nan ba?"

"In ya tsage, kan mota hayaƙin zai shiga. Ka san halin direbobinka. Sanyi na sauka za su toshe kowace kafa da tsumma da tsohuwar safa. Dutse ya gangaro ya rufe hanya, su zauna a ciki injin na aiki don su ji ɗumi. Mutum zai ji wani barci mai daɗi yana ɗaukarsa. Shi ke nan."

Direbobi biyar ne zaune a kan benci, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofin shayinsa.

Na ce, "Gaskiya ya faɗa."

Haji ya waiwayo ya dube ni sama da ƙasa. "Sheraz, wannan ce ƙanwar taka mai takardar injiniya? Ka ce ta koma gida ta auna kaurin gurasa."

"Na auna, Haji Sahib," na ce. "Gurasata ta fi bututunka kauri."

Wani daga cikin direbobin ya ƙware da shayi, sauran suka fashe da dariya. Na ga kunnen Haji ya yi ja. Ya gyara mayafin ulun da ke kafaɗarsa ya ce wa Ustad, "Filin nan nawa ne. Ko ka ɗaura, ko ka kwashe ƙarafunka kafin Juma'a."

"Alhamis ma ta isa," in ji Ustad. Ya mai da bututun cikin kwali, ya rufe shi da kyau kamar kayan aro.

Shekara talatin da huɗu ya yi a filin nan. Ranar Alhamis ya ɗora tukwanen iskar walda da maƙera da akwatin sifanu a amalanken jaki, ya kawo su lungunmu a Havelian, inda katanga ɗaya ta raba gidansa da namu. Lungun ko ƙaramar mota da ƙyar take shiga, balle babba. Mutumin da direbobi ke bin layi tun daga Mansehra don ya saurari injinsu ya koma liƙin bokiti da gyaran bututun murhu a ƙofar gida, cikin iskar da ke saukowa daga duwatsu. Tarin da ya daɗe yana fama da shi, na hayaƙin walda, ya ƙara zurfi. Muna jinsa ta katanga.

Na je na same shi yana gyara marfin tukunyar wata maƙwabciya. Chacha nake ce masa, wato baffa. Na ce, "Chacha, da ban yi magana ba, da wataƙila Haji ya sauko."

"Bakinki ya fi wutar waldata zafi, Nagina beti, 'yata, wannan kam gaskiya ne." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Amma kada ki ɗauki abin da ba naki ba. Ni na ce a'a tun kafin ki buɗe baki. Miƙo min filaya."

Cikin kwana biyu wani gareji ya ɗaura wa motocin goma sha ɗaya bututun mai sheƙi. Saura kwana goma Lala ya tafi Gilgit. Ammi, mahaifiyarmu, ta daina cin abincin kirki. Lala ya yi ta lallashinta a tsakar gida yana cewa zai riƙa barin gilashi a buɗe.

"Ƙarya kake yi, Sheraz!" Muryar Ustad ce ta tsallako katanga. "Ban taɓa ganin direban da ya buɗe gilashi a watan Disamba ba. Turo min ƙanwarka, ta zo da ma'auninta na makaranta."

Shekara uku na yi ina karatun injina, ni na zo ta ɗaya a ajinmu, kuma babu garejin da ya yarda ko noti in taɓa. Ma'aunin kaurin ƙarfen yana cikin akwatina tare da takardar shaida. Na ɗauko shi.

Ustad ya ba ni guntun maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo. "Ki je kasuwar gwangwan. Ki nemo wuya mai gaɓa-gaɓa guda biyu, da bututu mai kauri tsawon hannu huɗu. In wannan ya manne wa ƙarfen, ki ajiye, zai yi tsatsa. Kada ki kalli sheƙi, kada ki saurari mai kaya. Ni ƙafata ba za ta kai ni ba."

A kasuwar ban ga mace ko ɗaya ba sai ni. Mai rumfar farko ya leƙo daga bayan tulin giyoyin mota ya ce, "Baji, 'yar'uwa, kin yi ɓatan hanya. Layin 'yan awarwaro yana can gaba."

"Daga can nake," na ce. "Nasu ya fi naka ƙwari. Sauko min da wancan."

Ya sauko da shi yana murmushi. Maganaɗisu ya manne, na ajiye. Na biyu ma haka. Na uku bai manne ba, amma da na ɗaga shi saitin rana na leƙa ciki sai na ga haske ta wata 'yar huda kamar ta allura. Rumfa shida na shiga. A ta shida na samu biyu da aka ciro daga wata motar da ta faɗi, baƙi ƙirin da su, ba kyan gani. Na toshe gindinsu da tafin hannu, na sa mai rumfar ya cika su da ruwan butarsa. Ko ɗigo. Lokacin da nake fita na ji yana tambayar maƙwabcinsa, "'Yar wane ustad ce wannan?"

Ustad ya jujjuya su a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunnensa mai ɗan ji. Bai yaba ba. Cewa kawai ya yi, "Chachinki ta ɗora kasko."

Matarsa, Chachi Zebun, ta soya yashin kogi a kaskon gurasarta tana mita, wai shekara arba'in tana aure bai taɓa kawo mata abin soyawa mai yawan wannan ba. Sai yashin ya bushe ƙarau, don in da sauran danshi a cikinsa, yana jin wuta zai harbo toshiyar bakin bututun kamar harsashi. Muka ɗura shi cikin bututun, muka toshe da itace, Ustad ya gasa wurin lanƙwasawa har ya yi ja, muka tanƙwara shi a jikin tsohon ƙarfen taya. Yashin ne ke hana cikin bututun murƙushewa. Wannan ba a koya mana a makaranta ba.

Da aka zo liƙi, hannunsa ya ƙi tsayawa. Sau biyu yana kai wuta tari na girgiza shi. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya cire baƙin gilashinsa ya miƙo min.

Matan lungu suka leƙo ta ƙofofi. Wani dattijo mai wucewa masallaci ya tsaya yana salati. Ban kula su ba.

"A hankali! Wa ya biyo ki? Ki bar ƙarfen ya narke da kansa, kada ki tura shi. Yawwa. A'a, kin tsallake, koma baya."

Kwana uku muka yi. Da na gama liƙi na ƙarshe ya bi shi da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya ce, "To. Wannan zai je Gilgit ya dawo."

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, Lala ya kawo motar da lodinta ya tsayar a bakin titi, daidai mashigar lungunmu, a idon kowa. Ana yayyafi tun jiya, irin mai shiga ƙashi. Ustad ya shimfiɗa buhu a ƙasa.

"Chacha, bari ni in shiga," na ce.

"Ke kin yi liƙi, ɗaurawa tawa ce. In wani abu ya faru a hanya, sunana nake so a kira, ba naki ba."

"Ƙasa jiƙe take, Ustad," in ji Lala.

"Kai dai riƙe fitila, ka daina ba ni labarin ƙasa. Na kwanta a ƙarƙashin motoci tun kana cin ƙasar."

Awa uku ya yi a kwance. Ruwan da ke gangarowa daga titi ya jiƙa buhun, ya bi ta bayansa. Ina miƙa masa sifana ina jin haƙoransa na haɗuwa. Da ya gama ya sa aka naɗa farin tsumma a kowace mahaɗa, Lala ya tada injin ya taka mai har tagogin lungu suka ɗauki rawa. Aka warware tsumman. Fari fat. Sai da mu biyu muka kama shi kafin ya iya miƙewa.

Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi. A asibiti suka ce huhun ne, duka biyun. Kwana huɗu ya yi, ya ce a mai da shi gida, shi ba zai mutu a inda ake hana mutum shayi ba.

A rana ta tara Chachi ta fito da gadonsa tsakar gida don ya sha hantsi. Ina zaune kusa da shi wayata ta yi ƙara. Lala ne. Dutse ya rufe hanya bayan Chilas, kwanansu biyu a tsaye, sai yanzu ya samu layi. Na kara wa Ustad wayar a kunne, bai ji komai ba, sai na zama ni ce mai isar da saƙo.

"Tambaye shi, ya kashe injin?"

"Ya ce bai kashe ba, Chacha."

"Gilashi fa?"

"A rufe. Ya ce har da safa ya toshe."

"Ɗan banza. Na sani." Ya lumshe ido. "Kansa na ciwo?"

"Ya ce garau yake, yunwa kawai."

Har na zaci barci ya yi. Can ya ce, "Noti na uku, na sama, ta hagu. Hannuna ya mutu a kansa, ban ɗaure yadda nake so ba. Ki ce ya ƙara masa rabin juyi tun injin na da zafi."

Na faɗa wa Lala. Na ji ya buɗe ƙofar mota, iska na kaɗawa cikin wayar. Bayan ɗan lokaci ya ce ya ɗaure.

"Ya ɗaure, Chacha."

Ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo, ya mayar. Chachi ta kawo shayi ta tarar ba mai sha. Kafin kiran azahar ya cika.

Daga saman soro na kalli fitar gawar. Direbobi sun zo daga wurare masu nisa, motocinsu jere a bakin titi. Haji Nawazish ne ya kama gaban makara ta dama, kuma bai ba kowa ya karɓe shi ba har suka sha kwana.

Lala ya dawo bayan kwana biyar. Labarin abin da aka yi a bakin lungu ya riga shi isa gareji. Haji ya sa sabon makanikinsa ya shiga ƙarƙashin motar, sannan shi ma ya tattare rigarsa ya durƙusa ya leƙa. Lala ya ce ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe bai yi faɗa ba, bai kuma ce a cire ba. Cewa ya yi daga yau mota ta bakwai mijin 'yarsa ne zai riƙa tuƙa ta, shi kuma Sheraz ya karɓi ta huɗu.

Ta huɗu bututun mai sheƙi ne a jikinta. Lala ya ajiye makullin a kan benci, ya ɗauki bargonsa ya taho gida a ƙafa.

Ƙin da Ustad Dilawar ya yi ya raba shi da garejinsa, sannan ya raba shi da ransa. Yayana kuma wata uku ke nan ba shi da mota, don duk mai motocin da ya je wurinsa ya riga ya ji labari. Ammi ta koma cin abincinta. Da safe Lala yakan hau soro ya zauna da tire a cinya yana ɓare mata wake, bayansa ga titi.