Kwana Ukun da Na'urar Ta Manta

Tun daga Gusau nake hamma, ban daina ba har na isa ƙaramin asibitin da ke bayan garin Tsafe. Ni na haɗa 'yar na'urar da ke manne da firijin rigakafinsu, mai rubuta sanyinsa duk bayan minti goma. In firiji ya ɗumama allurai sun lalace, kuma ido ba ya ganewa.

Hajiya Amina, mai kula da asibitin, ta tare ni a ƙofa. "Balkisu, batirin firiji yab ba mu wahala daga Jumma'a har Lahadi. Duba muna ko allurai na nan lafiya. Mata sun taru."

Sun taru kuwa, a gindin dalbejiya, kowace da goyo.

Na jona kwamfutata. Ma'ajiyar irin wannan na'ura gurabe ce dubbai, wasu matattu ne tun daga masana'anta, da alama a kansu. Wata biyu na kwashe ina rubuta manhajar da ke riƙe jerinsu, tana ƙara duk wanda ya mutu daga baya, don kada a ajiye komai a ciki. Yau jerin fayau, babu ko ɗaya.

"Hajiya, wa ya taɓa na'urar?"

"Tsayawa tay yi wancan wata, munka kai ma Lawali mai gyaran waya. Yac ce ya wanke ta tas."

Ya wanke ta kam. Lawali maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: ya goge komai, ya sake loda manhaja. Ya share jerin, ya haɗa da alamun masana'anta, na'urar kuma ta yi ta zuba bayanai a matattun gurabe. Ko ƙarfin fushi ba ni da shi. Sau biyu suka kira ni a lokacin, na ce sai hanya ta yi kyau.

Na bi gurbi-gurbi har azahar ta gota. Alhamis tana nan, Litinin tana nan. Tsakaninsu shara ce zalla.

"Ƙila alluran lafiya lau suke," na ce.

"Bisa ƙila za ni soki ɗiyan mutane?"

Ta fita ta sallami matan. Wata daga 'Yankuzo ta gyara goyonta, ta ce wannan ne zuwanta na uku, yaushe za ta dawo?

Hajiya ta waiwayo ta dube ni ta taga. Na sunkuyar da kai.