Kusurwa Daga Bango

Malamin fiziks yana cikin raba takardun jarrabawa idonsa ya faɗa kan tambaya ta farko, wadda take dole ga kowa. An buga ƙwallo da gudun mita ashirin a daƙiƙa, ana so a raba gudun gida biyu, na kwance da na tsaye. Abu mai sauƙi. Sai dai kusurwar, digiri talatin, daga bango aka auno ta, ba daga ƙasa ba.

Shi kuwa duk shekarar nan yana sa yaran rera "Kos na kwance, sayin na tsaye!" har da kiɗan tebur, don su haddace wane lissafin kusurwa ne ke fitar da wane gudu. Allah ya sani ba lalaci ba ne: aji maƙil, alli sai an roƙa. Waƙar tana ci muddin daga ƙasa aka auna. Daga bango kuwa juyewa take, kuma bai taɓa kai su nan ba.

Ya dubi layin gaba, inda yarinyar da ajin ke kira Likita take zaune. Mahaifinta tela ne, ya riga ya gaya mata in ta faɗi fiziks keken ɗinki na jiranta a shago. Leɓunanta na motsi. Malam ya san abin da take rerawa.

Ya matsa ya tsaya a kanta, ya yi gyaran murya. Ta rubuta kos da kyakkyawan rubutunta.

"Malam, lafiya?" in ji mai sa ido da hukuma ta turo, yana kallonsa ta saman tabarau.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Fanka nake dubawa."

"Fanka ba ta rubuta jarrabawa. Dawo ka zauna."

Ya zauna ya ƙura wa bango ido, ko Allah zai sa wani ya bi kallonsa. Ba wanda ya ɗago. Sauran rassan tambayar duk a kan amsar farko suka rataya, in ta karkace sun karkace. Kunya da tausayi suka rufe shi, ga shi ba halin ko tari.

Da aka tashi, Likita ta tare shi a baranda, baki har kunne.

"Malam, Allah ya saka da alheri! Ta farkon nan kamar shan ruwa. Har na ɗauki fensir zan zana in duba, sai na ce haba, Malam ba ya kuskure."

Ya buɗe baki, sai ya tuna gobe tana da jarrabawar lissafi.

"Je ki huta, 'yata," ya ce.