Ramin da Aka Haƙa wa Ishaya

Ishaya mai gyaran inji bai duba rana ba da zai mutu. Asabar ce, tsakanin Juma'a Mai Kyau da Lahadin Ista, a tsakiyar bazarar Goronyo, lokacin da ƙyauren ƙarfe ke ƙona hannu tun da hantsi. Ya sha kunu, ya ce wa matarsa Turai ƙirjinsa ya yi nauyi, ya jingina da bango, shi ke nan.

Turai ta yi kuka na gaske, don ta so mutumin nan har da warin baƙin mai da ya kama mata zannuwa. Amma kafin hawaye su bushe, tsoro ya sha gabansu. Babu wuta, babu ƙanƙara, hanyar Zuru kuma, garinsu na asali, ba ta biyuwa da gawa a wannan zamani. Shi ma ya sha faɗa cewa inda ya ci abinci nan za a rufe shi. Abu ɗaya take so: mijinta ya shiga ƙasa yau, kafin zafi ya tona masa asiri a gaban mutane.

Da Ishaya ɗan coci ɗaya ne, da magana ta ƙare. Kiristocin garin duka ba za su cika motar albasa ba, amma sun rabu ɗariƙa uku. Mutanen gari ba sa wahalar da bakinsu da dogayen sunaye. Akwai cocin ƙararrawa na Katikis Amburos, akwai cocin ganga na Fasto Nuhu, sai cocin littafi na Dattijo Yunana, inda ake waƙa a tsaye ba a motsa ko kafaɗa. Kowane coci da tsohon janaretonsa mai tari. Shi kuwa Ishaya, duk inda janareto ya ƙi tashi ranar Lahadi, can yake sujada. Ya gyara, ya wanke hannu, ya zauna a bencin baya yana amin da ƙarfi. Shekara da shekaru a haka, har kowane coci ya ɗauka nasa ne.

Kafin rana ta ɗaga, shugabannin uku sun hallara a gindin dogon yaron ƙofar gida, kowa cikin rigarsa ta aiki. Suka yi ta'aziyya a gurguje, sannan suka shiga abin da ya kawo su.

"Namu ne," in ji Katikis. "Da idona na gan shi ya durƙusa da aka kaɗa ƙararrawa."

"Waya yake ɗaurewa a ƙarƙashin benci," in ji Fasto Nuhu. "A wurinmu kuwa rawa ya taka ranar godiyar kaka, har hularsa ta faɗi."

Dattijo Yunana ya gyara tabarau ya ce mamacin ya haddace waƙoƙinsu ba ya duba littafi, kuma wanda ya san waƙa ba ya bukatar ganga. Dukansu sun yarda Ishaya zai tashi a rana ta ƙarshe, babu mai shakka ko kaɗan. Rigimar ita ce wa zai sallame shi, da ruwan tsarki ko da kiɗa ko da baiti na ɗaya zuwa na ƙarshe.

Turai ta leƙo ta durƙusa. "Iyayena, rana tana yi."

"Mama, ki yi haƙuri," in ji Fasto. "Muna kan magana."

Shi kuwa Malam Sa'adu maƙwabcinsu, manomin albasa wanda Ishaya ya sha tayar masa da injin ban ruwa a fadama, bai tambayi kowa ba. A garin nan in maƙwabci ya rasu ba a jiran a aiko ka. Ya tara abokan nomansa, suka saɓi diga da shebur, suka nufi filin bayan gari da aka ba Kiristoci tun zamanin da ake gina dam. Awaki ne suka fi sanin filin, don mafi yawan Kiristoci gida suke kai mamatansu. Kafin rana ta take tsaka ya dawo yana share gumi.

"Turai, mun ƙare. Rami na nan shirye, ku hito da shi."

Sai da ta ji kamar ta rungume ƙafarsa don godiya. Ta ce a ɗauko gawa, masu magana su ƙarasa a hanya.

Akwatin ma da labarinsa. Bilyaminu kafinta gwanin ƙofa da kabad ne, bai taɓa yin akwatin gawa ba. Aka kwatanta masa da hannu, shi kuma ya ƙara faɗi ta ko'ina, wai kada a matse bawan Allah. Abin da ya fito kabad ne ba madubi. Aka sa Ishaya a ciki, aka ɗora a bayan a-kori-kura, matan zumuntar coci suka biyo baya cikin zannuwa kala uku, kowane rukuni da waƙarsa. Manoman da ke jira a bakin rami ba su saba ganin mata a maƙabarta ba, sai kowa ya shiga kallon takalminsa.

Rami ya yi kyau, wannan ba a musu. An haƙa shi yadda suke haƙa wa iyayensu: babba a sama, sannan siriri a ciki, daidai kwanciyar mutum cikin likkafani. Har itatuwan jerawa a kai sun sassaro. Aka sauke akwati, ya zauna daram a bakin ramin, ko kusurwa ɗaya ba ta shiga ba.

"To, ku buɗe a hiddo shi," in ji Malam Sa'adu.

"A fito da wa?" in ji Katikis.

"Mamacin mana. Wagga aba ba makara ba ta?"

Aka yi masa bayani cewa da mutum da akwati tare suke tafiya. Ya dubi katakon, ya dubi Bilyaminu. "Duk wanga icce ƙasa za shi? Mi ya hana ku hwaɗi tun da sahe?"

Tun da safe kuwa an san abin da ake yi, gardama ce. Katikis ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi ramin, sai fuskarsa ta canja. Kudu da arewa aka miƙa shi.

"Ƙafafu gabas ake sawa," ya ce.

"Don in an busa ƙaho ya miƙe yana fuskantar Ubangijinsa," in ji Fasto.

"Haka iyayenmu suka yi," in ji Dattijo.

Suka kalli juna da mamaki, har da ɗan jin haushi, don ba su shirya yarda da juna ba.

"Ai mu ma gabas munka nuhe shi," in ji Malam Sa'adu. "Bisa dama za shi kwanta, huska gabas. Ƙahon ga da kuke hwaɗi, mu ma shi muke jira."

Aka ce masa a akwati rigingine mutum yake kwanciya. Ya jinjina kai, ya ce Allah mai iko. Daidai nan aka kira azahar. Manoman suka jingine kayan aiki, suka ce za su yi salla su dawo. Shugabannin suka ja gefe, Fasto ya fara cewa tunda an samu lokaci, gara a daidaita maganar addu'a.

Turai ba ta ji sauran ba. Ƙudaje ta gani sun fara sauka a kan murfin akwatin. Ta ɗaure zani a ƙugu, ta ɗauki diga da ƙyar, ta kai wa ƙasa sara. Digar ta yi tsalle ta kusa kayar da ita. Ta sake ɗagawa.

Katikis ne ya fara tuɓe farar rigarsa, ya karɓe digar a hannunta. Fasto ya rataye kwat a jikin ƙaya, Dattijo ya miƙa wa wata mata tabarau da littafi. Ƙasar bazara ba ta san malamin coci ba. Katikis yana sara yana nishi, Fasto yana kwasa yana watsa wa Dattijo a ƙeya, Dattijo yana kwashewa yana mayarwa cikin ramin ba da niyya ba. Maza suka shiga karɓa-karɓa, mata suka kama ɗebe ƙasa da kwanonin da suka zo da ruwa, babu mai tambayar na wane coci ne ya miƙo. Da manoman suka dawo, sai da Malam Sa'adu ya tsaya ya ƙare musu kallo, sannan ya ce su matsa kafin su sare ƙafar wani.

Wajen la'asar sabon rami ya ratsa tsohon, gabas da yamma a kan kudu da arewa. Fasto Nuhu ya ga siffar gicciye, ya buɗe baki zai yi wa'azi a kai, numfashi ya ƙi. Aka zura akwati da igiyoyin ɗaurin buhu, ya sauka lafiya. Turai ta saki ajiyar zuciya.

Saura addu'a. Shugabannin suna zaune a kan tarin ƙasa cikin singileti, tafin hannu duk ya ɗuri ruwa.

"Katikis, bismilla," in ji Fasto da ƙyar.

"A'a, Dattijo ne babba."

Dattijo ya ɗaga hannu kawai, alamar a bar shi da ransa.

Turai ta jira su kaɗan. Da ta ga babu mai tashi, ta matsa bakin ramin, ta yi Addu'ar Ubangiji da muryarta da ta dishe, zannuwa kala uku suka amsa da baki ɗaya. Sannan ta damƙi ƙasa, ta sunkuya kamar mai magana da wanda ke cikin ɗaki.

"Ishaya, ka ga wahalar da ka ba mutane yau. Kwanta ka huta. In an busa ƙahon nan kada ka yi gaba ka bar ni, ka san ƙafata ba ta sauri. Ka tsaya nan bakin ramin, ina zuwa."

Ta saki ƙasar a kan akwatin.