Ƙanƙarar Mairo

A daminar shekarar da aka samu mulkin kai, hadari ya haɗo a Barkiya da rana tsaka, sai ga ƙanƙara tana zubowa kamar ana jifa da gujjiya. Kowa ya kife ƙwarya a ka ya ruga ɗaki. Sodangi kaɗai ya yi waje, yana tsinta yana zubawa a gora, ƙanƙarar tana dukan ƙeyarsa, ko a jikinsa.

Dalili kuwa, matarsa Mairo tana Kurfi gidan iyayenta goyon ciki. Kafin ta tafi ta ce masa ba abin da take kwaɗayi irin abu mai sanyi, wanda ya fi ruwan randa. Shi kuma, da saurin baki irin nasa, ya ce zai kawo mata.

Ya naɗe gorar da tsohon bargo, ya haye jaki. Duk hanya yana girgiza ta a kunne, in ya ji ƙaras-ƙaras sai hankalinsa ya kwanta.

A zaure ya tarar da surukinsa, Malam Audi. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Aka gaisa, aka yi barka da ruwa, aka tambayi gero, har jaki sai da aka tambaya. Malam Audi kuma ga son hira, ya shiga labarin wata ƙanƙara da aka yi zamanin kakansa. Kunya ba za ta bar Sodangi ya ambaci Mairo gaban mahaifinta ba, balle zancen ciki. Ya ɗan karkata gorar a ɓoye, ya ji ruwa yana motsi a ciki. Wallahi abin tausayi, gumi ya karyo masa.

Gwaggo, ƙanwar Malam Audi, ta fito da fura, ta dube shi.

"Sodangi, mi ka rungume haka kamar jinjiri?"

"Saƙo ne, Gwaggo," ya ce, kansa a ƙasa. "Na mutanen cikin gida."

Ta fizge gorar ta shige. Can sai ya jiyo dariyar Mairo ta bayan katanga. Gwaggo ta dawo tana goge hannu a zane.

"Guda ɗaya ta rage, ba ta kai ƙwarar dawa ba. Ta ce in gaya maka har yanzu haƙorinta tsami yake yi."

Sodangi ya gyara zama, ya jawo furar, ya roƙi Malam Audi ya sake labarin daga farko.