Gam a Turmin Gimbiya

Turmin da Gimbiya ta gada wajen mahaifiyarta ya tsage ranar Laraba, tun daga baki har kusa da gindi. Daga Tsarnawa aka kawo mata shi Konni bayan rasuwar tsohuwar, kuma ba ta da wani abu na uwarta sai shi. Ta sa shi gaba ta zauna, ko kuka ta kasa.

Mijinta Mato bakanike ne a tasha, irin mutanen nan da ba su taɓa ganin abin da ya fi ƙarfin gam ba. Da gam ɗin 'yan tagwaye, wanda sai an cuɗa ruwan wannan da na wancan kafin ya kama, yake liƙe tankin mai da fitilar mota. Da za a bar shi, da haƙorin da ke masa ciwo ma ya sha nasa rabon.

"Kwantad da hankalinki," in ji shi. "Gam ɗin ga ya riƙe motar da ka zuwa Bazaga, balle itce."

Ya cuɗa, ya ɗura a tsagar, ya ɗaure turmin tamau da robar taya, ya hana kowa taɓawa sai da ya kwana. Da safe ya kife shi ya hau ya tsaya. Bai gamsu ba, ya kira maƙwabcinsu Sha'ibu, wanda Allah ya hore wa teɓa, ya zaunar da shi a kai, ya ɗora masa buhun albasa a cinya. Turmi ko gezau.

"Baban Nahisa," in ji Gimbiya, "ni ba zama nika yi bisa turmi ba. Daka nika yi."

Gaskiyarta. Nauyin da ya sauka a hankali daban, bugun da ya faɗo farat ɗaya daban, kuma Sha'ibu duk girmansa ba taɓarya ba ne. Mato ya sosa ƙeya, ya ce to a gwada.

Ta zuba gero, ta ɗaga taɓarya. Ta fara da lallashi, sannan ta saki hannu ta kirɓa da ƙarfinta. Gam bai saki ba. Mato ya shiga zagaya tsakar gida yana neman mai shaida, har yana cewa gobe a kawo masa turamen unguwa duka.

Sai ya ga ta tsaya, taɓarya a hannu.

"Mi kuma? Ya hwashe?"

"Bai hwashe ba."

Ta sake bugawa sau ɗaya, ta kasa kunne. Amon nan mai zaƙi da take ji tun tana goye, wanda ke sa ta ji kamar tsohuwar na bayanta, babu shi. Sai wani dum-dum kamar ana dukan jiƙaƙƙen buhu. Kewar uwarta ta taso mata sabuwa fil.

"Ka gyara shi, na gode," ta ce a hankali. "Amma wagga ba muryar Inna ba ta."