Katakon Da Kafinta Ya Bari

Tun ranar da Auta ta shigo min gida da kafintan nan na ji bai kwanta min a rai ba. Ba wani abu ya yi ba, gaisuwarsa ma har ƙasa. Shi dai ba ya magana, kallo yake yi. Ni kuwa a lokacin babu wanda nake gudu kamar mai kallo.

Auta ce ƙaramar 'yata, ita kaɗai ta rage kusa da ni, kuma ita ta tsiro da maganar gyaran kicin. Wai ya yi duhu, wai mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Za a rushe bangon da ya raba shi da falo, a fasa babbar taga, a shafe ko'ina da farin fenti. Na ce mata shekara talatin da huɗu ina girki a cikinsa, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa.

"Umma, ke dai ki bar min komai," in ji ta.

Abin da ba ta sani ba, idona ya kusa shekara biyu yana dushewa, kamar gilashin da tururi ya rufe. Na je asibiti a ɓoye, likita ya ce abin ba mai komawa ba ne, sai dai a rage masa gudu. Ban faɗa wa kowa ba. Tun rasuwar babansu, Auta ta gyara ɗaki a saman benen gidanta ta sa masa suna ɗakin Umma, dalili kawai take jira ta kwashe ni. Na san zaman can. A ajiye ni gaban talabijin, a kawo min abinci a faranti kamar baƙuwa, in na miƙe a ce ina za ki. Ina tsoron wannan ɗakin fiye da makantar kanta.

A tsohon kicina kuwa ba na bukatar ido. Daga ƙofa in dafa bakin kantar katako, taku uku na isa famfo. Akwai wurin da katakon ya lotsa saboda yawan dafawa, gishiri na daidai nan. Sukari taƙi ɗaya a gabansa, ashana a rataye jikin ƙusa. Yanzu ga wani an kawo ya wargaza min duka.

Ranar farko ko guduma bai ɗaga ba. Ya roƙi shayi, ya ja kujera bakin ƙofa ya zauna, ina haɗawa yana bina da ido. Ban ga idon ba, amma na ji shi a ƙeyata. Washegari na ji shi yana shafa bakin kantar da tafin hannu, yana zana alli, yana jan tef ɗin awo yana rubutawa. Har tsayin ƙusar ashana daga ƙasa sai da ya auna.

"Wai me kake nema ne, malam?"

"Wuraren da fenti ya goge nake dubawa, Mama."

"Abin da za ka rushe, ina ruwanka da gogewar fentinsa?"

"Haka nake aikina," ya ce, ya ci gaba da rubutu.

Nan na gama yanke hukunci. Auta ta fara zargi, ta rasa hujja, shi ne ta turo min ɗan leƙen asiri da tef a wuya.

A rana ta huɗu ya ɗana min tarko, ko kuma haka na ɗauka. Ya miƙo mariƙin durowa iri biyu wai in zaɓa. Na kai hannu da ƙarfin hali, na cafko iska. Sai ya sa min su a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Ko minti biyar ba a yi ba wayarsa ta yi ƙara, ya fita tsakar gida. Na lallaɓa jikin taga na kasa kunne, don kunnena dai ƙalau yake.

"E, ranki ya daɗe, na gani," yake cewa. "A'a, bari in gama tukuna, sai mu yi maganar."

Ranar abinci ya ƙi shiga.

Da suka fara rushewa sai na lura da wani abu kuma. Duk tarkacen an zuba a mota an kai bola, amma katakon bakin kanta shi da kansa ya ɓamɓare shi a hankali, ya naɗe a buhu ya tafi da shi. Na ce ashe har da shaida ya ɗauka. Na kira Auta na ce mutumin nan hannunsa ba shi da tsarki, a sallame shi.

"Haba Umma, tsohon katako? Ko kyauta aka ba ni ai ba na so."

Ta yi dariya, ni kuma na ƙara tabbata bakinsu ɗaya.

Mako uku ina dafa ruwan zafi a baranda kan ƙaramin risho, ina ƙin kulolin abincin da Auta ke aikowa sai yunwa ta ci ƙarfina. Kullum kafinta ya gaishe ni, kullum in amsa masa da hanci.

Ranar da aka gama, Auta ta zo da hantsi ta kama hannuna har inda ƙofar kicin take a da. Babu ƙofa, babu bango. Fari ne kawai a gabana, ko'ina fari, ban san inda wani abu ya fara ko ya ƙare ba. A gefe ina jin kafinta yana tattara kayan aikinsa, yana yi a hankali kamar mai jiran wani abu.

"Umma, ki haɗa mana shayi mu buɗe sabon kicin."

Na ce a raina to, yau ce ranar shari'ar, ga alƙali ga mai ba da shaida. Na miƙa hannun dama don kada in tsaya kamar gunki, sai ya sauka kan katako. Na san shi tun kafin in gama dafawa. Santsin nan, ɗan tsagin nan na kusa da ƙarshe. An kafa shi a bakin sabuwar kanta, daidai tsayin da yake a da. Na yi taku uku, ga famfo. Na bi katakon har wurin lotsawar, na ɗaga hannu, ga gishiri. Taƙi ɗaya, sukari. Ashana na jikin ƙusarta. Ga kuma abin da ban zata ba, hasken tagar ya sa ina hango baƙar butar shayi a kan farar kanta, abin da rabona da shi an daɗe.

Na haɗa kofi uku, ko ɗigo bai zuba ba.

Auta ta kurɓa ta ce, "Komai ya yi kyau, sai wannan baƙin katakon da ya ɓata aikin. Tun farko da na ga ya sa shi a zanensa nake masa waya, yana cewa sai ya gama mu yi magana. To an gama. Malam, gobe ka cire shi."

"Mai kicin ce za ta faɗa," in ji kafinta.

Sai a lokacin na gane wayar da na yi wa laɓe. Mutumin ya gano ni tun shayin ranar farko, kuma bai faɗa wa kowa ba. Mako uku ina kiransa ɓarawo. Kunya ta rufe ni, ga tsoro a bayanta. In na yi shiru gobe a cire katakon, jibi in zuba wa kaina tafasasshen ruwa. In na yi magana, ga ɗakin bene yana jira.

"Kada ya cire," na ce. "Auta, ba na gani sosai. Shekara biyu ke nan. Katakon nan nake bi."

Ta ajiye kofin. Na ji numfashinta ya canza, na jira ta ce in haɗa kayana. Can na ji tafin hannunta yana bin katakon daga wancan ƙarshen, a hankali, har ya zo wurin lotsawar ya tarar da nawa.

"Malam kafinta," ta ce, "za a samu irinsa da zai kai har ƙofar ɗakinta?"

"Na riga na auna," ya ce.