Telan da Aljihu Kaɗai Ya Iya

Ga ta nan, ga ta nanku, ta yau kuwa da zafinta ta zo.

Ta zo mu ji ta, in ta yi zafi ma fifita.

Wani mutum ne, tun yana ɗan saurayi ubansa ya kama hannunsa ya kai shi kamfanin ɗinki, ya ce wa maigidan wurin, "Ga shi nan, a koya masa sana'a." Maigida ya ce an gama. Aka zaunar da shi a keken ƙarshe kusa da taga, aka ce ya fara da aljihu tukuna.

To, tukunan nan ce ba ta ƙare ba. A kamfanin kowa da guntun aikinsa, wannan ƙugu, wancan maɓalli, waccan kalmasa. Wando ya zo maka ta hagu, ka yi naka, ka tura dama. Teburin yanka yana can ɗakin ciki, an hana kowa leƙawa, wai kada a ɓata lokaci. Duk sanda ya ce, "Maigida, yaushe za a matsa da ni gaba?" sai a ce, "Kai da babu mai kama ƙafarka a aljihu? Bari aiki ya yi sauƙi." A kan keken nan ya yi aure, ya tara iyali, furfura ta fito masa. Sunansa ma ya ɓace, kowa sai Mai Aljihu.

Maigida ya tsufa, ɗansa ya dawo daga karatu ya zama manaja. Bai daɗe ba ya sayo injin da ke ɗinka aljihu shi kaɗai. Ya kira Mai Aljihu ofis, ya ba shi kujera har da ruwan sanyi, ya ce, "Baba, ka yi mana ƙoƙari. Ga tsohon kekenka kyauta. Kai fa tela ne, je ka buɗe naka shagon."

Bawan Allah ya yi godiya har da durƙusawa. Durƙuson nan, ni in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Matarsa ta share ɗakin ƙofar gida, ta goge keke, ta bi maƙwabta tana shela. Maƙwabciyarsu ta kawo yadi, a ɗinka wa ɗanta wandon makaranta. Mai Aljihu ya shimfiɗa yadin, ya riƙe alli, ya yi ta zagaye shi tun safe har rana ta take.

Matar ta leƙo ta ce, "Baban yara, yadin nan cizo yake yi ne?"

Ya yi dariyar dole, ya sa almakashi.

Da wando ya fito, ƙafa ɗaya ta murɗe tana kallon baya, ƙugun ko gwiwar yaro ba zai wuce ba. Amma aljihu biyu, kai ka ce a sa su a gilashi a yi ta kallo. Maƙwabciya ta ɗaga shi sama ta ce, "Aljihun dai na gani, ina wandon?"

Matar ta ba ta haƙuri, ta rufe ƙofa, ta juyo. Kafin ta yi magana ya ce, "Ban taɓa yanka ba. Ban ma taɓa ganin ana yankawa ba."

"Duk shekarun nan?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta cusa wandon a leda, ta kama hanyar kamfani. Ta ratsa tsakanin kekuna, ma'aikata na ɗago kai, ta tura ƙofar ofis ba sallama, ta baje wandon a kan teburin manaja.

"Ga aikin telanku. Sa mu gani."

"Mama, lafiya? Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. An kawo wa ubanka yaro ya koya masa sana'a. Kun dawo mini da tsoho, kafaɗa a karkace, ido ya ƙare, wando ɗaya ya gagare shi. Ina sana'ar?"

Manaja ya gyara zama, ya yi magana a hankali, irin ta masu karatu. "Mama, raba aiki ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Wani babban masani ya rubuta shi tun zamanin da. In kowa ya riƙe abu ɗaya, mutum goma sai su yi aikin mutum dubu, kaya su yi araha, har talaka ya sa sabon wando. Ba ƙarya ya yi ba, ki duba kasuwa."

"Na duba. Shi masanin naka, bai faɗi abin da ke samun mutumin da aka ɗaure a abu ɗayan ba?"

Da ya ce bai sani ba, jama'a, da da sauƙi. Sai ya ce, "Ya faɗa. Ya ce wanda ya ƙare rayuwarsa a kan guntun aiki ɗaya, kansa toshewa yake yi, don haka dole a ilimantar da shi. Amma hukuma ya ɗora wa wannan, ba mai kamfani ba."

Ta dafa tebur. "Ashe ka sani. Kana sane ka dubi idon mutumin da ya goya ka a tsakanin kekunan nan, ka ce masa tela ne shi! Masanin bai ce ka sa kanka a matsayin ɗan'uwanka ba, ko sau ɗaya?"

"Wannan wani littafinsa ne daban. Ba a yi mana jarrabawa a kansa ba."

"Allah ya isa tsakanina da jarrabawarku! To ji abin da nake so. Ba sadaka ba. Mijina zai dawo ya tsaya a teburin yanka har ya iya."

"Babu teburin yanka, Mama. Inji ya karɓa. Mai yankan ma yau muka sallame shi."

Ta naɗe wandon ta fita, ta bar masa ƙofa a buɗe.

A bakin ƙofar kamfani ta tarar da wani tsoho zaune a kan dakali, da almakashi naɗe a jarida. Ya ce, "Uwargida, har nan muka ji muryarki. Ni ne mai yankan. Ni ma shago aka ce in buɗe."

"To, kai ai ka iya."

"Yanka na iya. In na hau keke, zaren ma ban san ta inda ake zura shi ba."

Ta dube shi, ta dubi ledar hannunta, ta yi tsaki. "Wato mutum biyu suka lalata kafin a samu tela ɗaya. Tashi, Baba, mu je."

Yanzu suna nan a ɗakin ƙofar gida, ɗaya na yanka, ɗaya na ɗinki, suna koya wa juna suna faɗa. Abin da suke samu bai wuce na cefane ba, shi ma a raba biyu. Maƙwabciya an saya mata wani yadin, ɗanta ya samu wando. Tsohon maigida ya rasu. Manaja ya ƙara injina, kamfaninsa ya ƙara girma. Matar kuwa ba ta ƙara bin titin kamfanin ba, kuma ba ta yafe ba.